Tarihin jirgi mai farfela da jirgin jet



Yau hirarmu a kan jirgin sama take. In kun taɓa zuwa filin jirgi na Yamai, kun ga jirage iri biyu. Akwai mai farfela, wato abin nan mai kama da fanka da ke juyawa a gaban injinsa. Akwai kuma wanda ba a ganin farfela a jikinsa, sai manyan injuna kamar ganguna a ƙarƙashin fukafukai. Shi ake kira jet. Mutane da yawa in suka ga mai farfela sai gabansu ya faɗi. Su ce wannan tsohon yayi ne, Turawa sun gama cin moriyarsa sannan suka turo mana. Wani ma sai ya fasa shiga, ya koma tashar mota, ya yini a hanya. Shin haka abin yake? Bari mu ɗauko tarihin daga tushe, ku ji da kunnenku.

Jirgin sama na farko mai inji ya tashi a ƙasar Amurka, ran 17 ga watan Disamba na 1903. Wasu ƴan'uwa biyu ne suka ƙera shi, wa da ƙane, ana ce musu Wright. Tashin farko bai wuce daƙiƙa 12 ba, nisan kuma mita 37 ne. Yaro mai gudu ma zai iya bin sa. Wannan jirgi farfela gare shi, kuma injinsa irin na mota ne, mai fistin, mai shan man fetur. Shekara arba'in da wani abu bayan haka, duk jirgin da ya ɗauki fasinja a duniya irin wannan inji yake da shi.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne DC-3. Ya fara tashi a 1935. Yana ɗaukar mutum ashirin da ƴan kai, ko talatin in an matsa. Gudunsa wajen kilomita 300 a awa. Jirgi ne mai haƙuri kamar jaki: yana sauka a kan jan burji, yana sauka a kan fako, ba ya neman kwalta. An ƙera dubbai a lokacin yaƙin duniya na biyu. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka sayar da su da araha, suka bazu ko'ina cikin Afirka. Da aka kafa kamfanin jirgin sama na ƙasarmu, Air Niger, a 1966, DC-3 na cikin jiragen da ya fara aiki da su. Dattawan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas sun san ƙararsa.

To, wannan shi ne tsohon yayi na gaskiya. Amma ku lura da kyau: mai farfelar da ke ɗaukar mutum arba'in ko hamsin a wannan zamani ba irinsa ba ne. Farfelar ce kawai ta yi kama. Abin da ke juya ta daban ne.

Ga yadda aka yi. Wani sojan sama na Ingila, Frank Whittle, ya yi tunanin wani sabon inji wanda ba shi da fistin ko ɗaya. Ya yi rajistar dabarar a 1930. A Jamus ma wani saurayi, Hans von Ohain, yana irin wannan aiki. Jirgin da ya fara tashi da sabon injin na Jamus ne, a watan Agusta na 1939. Wannan inji shi ne jet.

Yaya yake aiki? Kun san maƙeri da zugazuginsa. In yana son wuta ta yi ƙarfi, iska yake tura mata. Injin jet haka yake. Yana zuƙar iska ta gaba. Ya matse ta sosai. Ya fesa mata kananzir, wuta ta kama. Iskar nan da ta yi zafi sai ta kumbura, ta nemi hanyar fita, ta fita ta baya da ƙarfin gaske. Fitar nan tata ita ke ingiza jirgi gaba. Kafin ta fita, tana bi ta kan wata ƙafa mai fukafukai da yawa, tana juya ta, kamar yadda iska ke juya filfilwar da yara ke yi da kara da takarda. Wannan ƙafa ita ke juya abin da ke zuƙo iska a gaba. Haka abin ke ta zagayawa muddin akwai mai.

Sai masu ilimin ƙira suka ce: tun da wannan ƙafa tana juyawa da ƙarfi haka, me zai hana mu ɗaura mata farfela? Suka ɗaura. Sai dai ƙafar ta fi ƙarfin farfela da sauri, don haka suka sa giya a tsakani tana rage gudun. Shi ke nan, an sami inji na uku: cikinsa jet, gabansa farfela. Turawa na ce masa turbo. Kananzir yake sha, kamar jet. Wannan shi ne injin da ke jikin jiragen da ake tsoro.

Wa ya riga wani ɗaukar fasinja? Abin zai ba ku mamaki. Ran 29 ga watan Yuli na 1950, wani jirgin Ingila mai suna Viscount, mai irin wannan farfela guda huɗu, ya ɗauki fasinja daga Landan zuwa Paris. Jet na farko mai ɗaukar fasinja, wanda ake kira Comet, bai fara aiki ba sai ran 2 ga watan Mayu na 1952, daga Landan zuwa Afirka ta Kudu. Kun gani ke nan, Hasan da Usaini ne. Ciki ɗaya suka fito, kuma mai farfelar ne ma ya riga leƙo duniya.

Comet ya burge duniya, amma murnar ba ta daɗe ba. A 1954 biyu daga cikinsu suka tarwatse a sama, ɗaya a watan Janairu, ɗaya a watan Afirilu, dukansu bayan sun tashi daga birnin Roma. Ba wanda ya tsira. Kuma sababbi ne, ba su kai shekara uku da fara aiki ba. Masu bincike suka ɗauki gangar jikin wani Comet, suka tsoma ta cikin wani ƙaton kwatarniya na ruwa. Suka riƙa cika ta da ruwa har ta kumbura, su rage, su sake cikawa, dare da rana, har ƙarfen ya tsage. Nan aka gane dalili. Can sama iska ba ta da kauri, mutum ba zai iya numfashi ba, don haka ake matsa iska cikin jirgi. Kowane tashi jikin jirgi ya ɗan kumbura, kowace sauka ya koma. Ƙarfe kuwa yana gajiya, kamar wayar da kake lanƙwasawa kana miƙewa har ta karye. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Aka gyara ƙirar. A 1958 Boeing 707 ya fito daga Amurka, a 1959 Caravelle ya fara aiki a Faransa. Daga nan doguwar tafiya ta zama ta jet, ba gardama. Da ƙasashen Afirka goma sha ɗaya, har da Nijar, suka haɗu a Yaunde a 1961 suka kafa Air Afrique, jet suka nema don zuwa Paris, kuma sun yi daidai. Wanda zai ratsa Sahara da teku ba ya son jirgi mai tafiyar hawainiya.

Amma ƙananan garuruwa fa? DC-3 ya tsufa, ana neman magajinsa. Magadan duk masu farfela ne na sabon yayi. Kamfanin Fokker na ƙasar Holan ya fito da F27, wanda ya fara aiki a 1958. Ingila ta fito da HS 748, wanda ya fara tashi a 1960, an ƙera shi musamman don ya sauka inda DC-3 ke sauka. Kowannensu na ɗaukar mutum arba'in da wani abu. Injinsu iri ɗaya ne da na Viscount, sunansa Dart, mai wani irin fito mai tsini da wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Air Niger ya yi aiki da HS 748 daga baya. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun daɗe suna aiki da F27 tsakanin garuruwansu.

Me ya sa ba a sa jet a ko'ina ba, tun da ya fi gudu? Nan ne gindin maganar, ku saurara.

Jet yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. Mai farfela yana yin wajen 500. Amma jet ba ya samun wannan gudu, kuma ba ya tsimin mai, sai ya hau can ƙololuwa, mita dubu goma ko fiye. Hawan nan yana cin lokaci, yana cin mai ƙwarai. Mu ɗauki Maraɗi zuwa Damagaram. A sama, tsakaninsu kilomita ɗari biyu ne da ƴan kai. Kafin jet ya gama hawa, lokacin sauka ya yi. Ya sha mai don ya hau, bai mori hawan ba. Kamar mutum ne ya ɗaura wa ingarman doki sirdi don ya je gidan maƙwabci ɗebo wuta.

Mu ɗauki Yamai zuwa Maraɗi kuma. A mota wajen kilomita 660 ne, tafiyar yini. A sama, da yake jirgi ba ya bin kwana, bai kai 550 ba. Mai farfela zai yi awa ɗaya da ƴan mintoci. Jet zai yi ƙasa da awa ɗaya kaɗan. Abin da ke tsakaninsu minti ashirin ne, ko rabin awa in ya yi yawa. Wanda ya saba yini a mota, me rabin awa zai rage masa? Amma wannan rabin awa da tsada ake sayen sa. Masu ƙera jirage masu farfela na zamani sun ce, a gajeriyar tafiya, nasu na rage shan mai da wajen kashi 40 cikin 100 in an gwada da jet mai girma ɗaya. Mai haja ba ya kushe hajarsa, gaskiya ne. Amma kamfanonin da ke biyan kuɗin mai sun yi nasu lissafi, kuma suna ta saye. Kuɗin man nan kuwa ba daga sama yake faɗowa ba. A cikin tikitinku yake.

Sai maganar fili. Jet yana bukatar titi mai tsawo, mai kwalta, mai tsabta. Bakin injinsa a buɗe yake, yana zuƙar duk abin da ya samu, har tsakuwa da yashi. A ƙasa mai zafi irin tamu abin ya fi wuya, don in rana ta take, iska na rage kauri, jirgi na bukatar ƙarin gudu kafin ya ɗaga. Mai farfela yana tashi a gajeren titi. Da yawansu, irin su F27, fukafukansu a saman gangar jiki suke, injuna sun yi nesa da ƙasa. Ga kuma yawan mutane. Babban jet na son fasinja ɗari ko fiye. In mutum talatin ne ke son zuwa Tawa ran Talata, wa zai biya kuɗin kujerun da ba kowa? Kamfani zai yi asara wata biyu, wata uku, sannan ya daina zuwa. Garin da ya ce shi sai jet, sau da yawa yakan wayi gari ba jet, ba mai farfela.

Kada ku ce mun ɓoye aibin mai farfela. Yana da shi. Yana da ƙara, musamman ga wanda ya zauna daura da farfelar, har ka ji kujera na karkarwa. Kuma ba ya hawa can sama sosai, yakan tsaya wajen mita dubu shida ko bakwai. A nan ƙasa-ƙasa iska ta fi motsi. Da rana tsaka, in ƙasa ta yi zafi, iska mai zafi na tasowa tana jijjiga jirgi kamar kamyo a hanya mai gargada. Da damina kuma jet ya fi samun hanyar tsallake gajimare. Wanda cikinsa ke tashi, ya nemi jirgin safe, ya zauna nesa da farfela. Wahala ce ta jiki, amma jijjiga ba alamar lalacewa ba ce. An ƙera jirgin don ya jure abin da ya fi haka.

Mu koma tarihi. A ƙarshen shekarun 1960 mai yana da araha, kowa na sha'awar jet. Aka ƙera ƙanana don gajeriyar tafiya, irin su Boeing 737 da Fokker F28. Mutane suka ce mai farfela ya gama yayi. Sai ga 1973, yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, ƙasashen Larabawa suka rage sayar da mai. Cikin ƴan watanni kuɗin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12. Kamfanoni suka tuna da wanda suka raina. A 1981 Faransa da Italiya suka haɗa hannu suka kafa kamfanin ATR, don ƙera masu farfela kawai. ATR 42 ya fara aiki a 1985, ƙanensa da ya fi shi tsawo, ATR 72, a 1989. Kanada ta fito da Dash 8. Fokker ya sabunta F27, ya kira shi Fokker 50.

Bayan shekara ashirin abin ya sake juyawa. Mai ya sake araha. Kanada da Barazil suka ƙera ƙananan jet masu kujera hamsin. Ana cikin haka, ran 31 ga watan Oktoba na 1994, wani ATR 72 ya faɗi a Amurka, kusa da birnin Chicago, mutum 68 suka rasu. Ƙanƙara ce ta daskare a kan fukafukansa yana jiran izinin sauka. An gyara abin da ke fasa ƙanƙarar, an sake dokokin tuƙi a lokacin sanyi, amma tsoro ya riga ya shiga zukatan Amurkawa. Suka riƙa gudun duk jirgin da suka ga farfela a jikinsa. Kamfanoninsu suka bi son fasinja, suka sayi ƙananan jet ɗaruruwa. A 1996 kamfanin Fokker ya karye. Kamfanoni da dama suka daina ƙera masu farfela.

Wannan karon ma mai ne ya raba gardama. Daga wajen 2004 kuɗinsa ya yi ta hawa, har a watan Yuli na 2008 ganga ta kai dala 147. Ƙaramin jet mai kujera hamsin ya zama kaya, ba ya mayar da kuɗin man da ya sha. Aka jingine da yawansu. Wasu ƙananan garuruwan Amurka da suka saba ganin jirgi kullum suka rasa shi ɗungum. Kamfanin ATR da ya kusa rufewa ya farfaɗo, masu saye suka yi layi daga Indiya, da Indunusiya, da Barazil, da Afirka.

Mu a nan gida, wahalarmu ta fi ta zaɓe tsakanin jirgi da jirgi. Air Niger ya tsaya a 1993. Air Afrique ya rushe a 2002. An yi shekaru mutumin Damagaram in yana da uzuri a Yamai, ko mara lafiya ne, sai ya bi hanyar mota ta kusan kilomita 900. Da kamfanin Niger Airlines ya fara zirga-zirga tsakanin garuruwanmu a 2014, da wane jirgi ya fara? Da Fokker 50, mai farfela biyu, mai kujera hamsin.

Wani zai ce: to, mun ji ƙirar ba tsohuwa ba ce, amma shi jirgin kansa fa? Tambaya ce mai kyau. Fokker 50 an daina ƙera shi tun 1997, don haka duk wanda kuka gani ya kwana biyu. Jirage da yawa da ke aiki a Afirka, masu farfela da jet, sun yi aiki a wata ƙasa kafin su zo. Sai dai tsufan jirgi ba da shekara kawai ake auna shi ba. Ana ƙirga awowin da ya yi a sama, ana ƙirga sau nawa ya tashi ya sauka. Kun tuna ƙarfen Comet da ya gaji? Jirgin gajeriyar tafiya ya fi kowa tashi da sauka, wani sau shida ko takwas a yini. A watan Afirilu na 1988, a tsibiran Hawai na Amurka, rufin wani Boeing 737 ya yaye yana sama. Jet ne, ba mai farfela ba. Shekararsa 19, amma da yake tsakanin tsibirai yake ta kai da kawowa, ya tashi ya sauka kusan sau dubu casa'in. Ma'aikaciya ɗaya ta rasu, matuƙan suka samu suka sauke sauran mutane da rai. Bayan wannan aka tsananta dokar duba tsofaffin jirage.

Kowane jirgi yana da littafinsa. Kowane ƙarfe mai muhimmanci a jikinsa yana da adadin awowin da zai yi, in ya cika a cire shi, ko da ido na ganin lafiyarsa lau. Bayan wasu shekaru akan kai jirgin garejin jirage, a kwance shi, a duba gangar jikinsa da na'ura don neman tsaga da tsatsa. Wannan aiki yana da tsada, kuma kamfanin da ba shi da kuɗi yana iya jin kwaɗayin jinkirta shi. Shi ya sa kowace ƙasa take da hukumar kula da jiragen farar hula, tamu ma tana da ita, aikinta ta duba littafin nan, ta hana jirgi tashi in ba a cika ƙa'ida ba. In kun ji an ce hukuma ta tsayar da wani jirgi don a duba shi, ko matuƙi ya ƙi tashi saboda hazo ya rufe filin Agadas, kada ku yi fushi da su ko da tafiyarku ta ɓaci.

In Allah ya kai ku filin jirgi, kuka ga mai farfela na jiran ku, ku tsaya ku saurari ƙararsa lokacin da ake tayar da shi. Ba za ku ji tari da ɓaɓatu irin na injin mota ba, kamar yadda DC-3 ke yi da hayaƙi. Fito za ku ji, siriri, yana hawa yana hawa, kafin farfelar ta kama gudu. Wannan fiton na injin jet ne da ke ciki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.